Gwanjon Motoci Ta Intanet: Araha Ba Ta Ado

Tun daga shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa kuɗi ta kuma janye yawancin motocin ofis, mallakar mota ta zama nauyin da ma'aikacin tarayya ke ɗauka da kansa. Nauyin ya ƙaru bayan watan Yunin 2023, sa'ad da aka saki darajar naira: dalar da ake canzawa a kan kusan N460 a hukumance ta haura N1,500 a farkon 2024. Motar Beljiyam da albashi ke iya kaiwa gare ta a da, yanzu sai dai kallo. Shi ya sa ma'aikacin da ya tashi daga sakatariyar tarayya ta Bauchi, ya tsaya hira a Wunti, da abokinsa ya nuna masa Corolla a waya a kan rabin farashin kasuwa, zuciyarsa ke saurin karkata. Kafin ya taɓa bashin ƙungiyar adashen ofis, ya kamata ya san irin kasuwar da zai shiga.

Gwanjon Hukumar Kwastam ta intanet gaskiya ne. An ƙaddamar da shi a watan Yulin 2017 a zamanin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ɗan jihar Bauchi, domin a kawo ƙarshen rabon kayan da aka kama ga 'yan lele. An sake buɗe shi da sabon tsari a watan Janairun 2024 a ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Mai son shiga yana rajista da lambar biyan harajinsa, ya yi tayi a fili, wanda ya fi kowa tayi ya ɗauka. Wannan gaskiyar ce 'yan damfara suka mayar da ita jari. Sukan buɗe shafi a Facebook da hoton jami'i sanye da kaki, su jera motoci masu ƙyalli, su ja mutum zuwa WhatsApp, sannan su nemi kuɗin fom, kuɗin rajista, kuɗin direban da zai kawo motar, duk a asusun wani mutum. Hukumar ta sha gargaɗin cewa ba ta gwanjo ta waɗannan kafofi. Duk wanda ya yi alƙawarin ware wa wani mota ta bayan fage, ko dai ɓarawo ne, ko kuwa yana gayyatar mutum zuwa ga laifi. Ga ma'aikacin gwamnati, kowanne daga ciki asara ne.

Haɗari na biyu yana ƙetaren teku. Kamfanonin gwanjo na Amurka irin su Copart da IAA halastattu ne, amma akasarin hajarsu motoci ne da kamfanonin inshora suka yanke hukuncin cewa gyaransu bai cancanci kuɗin da za a kashe ba. Ana sayar da su a yadda suke, babu garanti, babu mayarwa. Alamar da ke cewa mota tana tashi tana kuma motsawa ba ta nufin komai fiye da cewa ta yi hakan lokacin da aka gwada ta a filin ajiya. Bayan guguwar Harvey da ta mamaye Houston a 2017, da ta Ian da ta afka wa Florida a 2022, dubban motocin da ruwa ya shanye sun bi ta irin waɗannan filaye. Motar da ta kwana a ruwan gishiri tana iya yin kyau a hoto, ta yi watanni tana tafiya lafiya, sannan tsatsa ta cinye wayoyinta da na'urar da ke sarrafa injin. Mafi muni, jakar iskar da ke kare direba tana iya ƙin buɗewa ranar da aka buƙace ta a hanyar Bauchi zuwa Jos. A nan ba kuɗi kaɗai ake sa wa caca ba, har da ran iyali.

Sai kuma lissafi. Farashin da aka ci gwanjo da shi somin-taɓi ne. A kansa akwai ladan kamfanin gwanjo, ladan dillali, kuɗin jan motar zuwa gaɓar teku, kuɗin jirgi zuwa Legas, kuɗin fito, cajin tashar jiragen ruwa da ke ƙaruwa kullum idan an yi jinkiri, kuɗin ɗauko ta zuwa Arewa, da na gyara. Yawancinsu da dala ake lissafa su, kuma tun 2022 Kwastam na ƙiyasta kuɗin fito ne da lambar jikin mota, ba da abin da mai ita ya ce ya biya ba. Wanda ya nemi gajeriyar hanya ta Kwatano ya tuna cewa an haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun ranar 1 ga Janairun 2017. Takardun bogi na iya sa a ƙwace motar a shingen farko. Haka kuma ba kowace mota mai kyau ce ke da asali mai kyau ba: a watan Nuwamban 2024 Kwastam ta miƙa wa hukumomin Kanada motoci 21 da aka sato daga can.

Hadiman manya suna da nasu ƙarin haɗarin, domin su ake aike. Idan cinikin ya ruɓe, sunan hadimi ne a kan rasit, mutuncinsa ne kuma zai fara zubewa a gaban maigida.

Mafita ba ta da wuya, haƙuri take buƙata. Kada a tura kuɗin gwanjon gwamnati zuwa asusun mutum. Hedikwatar shiyya ta huɗu ta Kwastam tana cikin garin Bauchi. Zuwa a tambaya bai kai kuɗin man rana guda ba. A nemi lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, a binciki tarihinta kafin tayi, a kuma tantance takardun fito kafin biya. Inda zai yiwu, bakanike amintacce ya ga motar da idonsa, domin gani ya kori ji.

Hukumomi ma suna da aiki. Ya kamata Kwastam ta riƙa sanar da ranakun gwanjo da sakamakonsa da Hausa a gidajen rediyo, ta kuma sauƙaƙa wa mai tayi duba mota. EFCC da 'yan sanda su bi sawun asusun da ake tara kuɗin damfara a ciki, domin kowane asusu yana da mai shi. Ƙungiyoyin adashen ma'aikata su daina sakin bashin mota sai an nuna takardu ingantattu. Za a ci gaba da cire bashin daga albashi wata bayan wata, ko motar ta iso ko ba ta iso ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai hankali cinikin biri a sama.