Jikin 'Ya'yanmu Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Jama'a, wai har yaushe za mu zuba ido? A yawancin fina-finan Hausa, mace mai jiki ba ta fitowa sai a matsayin muguwar kishiya ko abar dariya. Amma je ka Bachirawa ko Rijiyar Zaki a nan Ungogo, ka ji abin da ake raɗa wa amare kafin biki: sha-ka-fashe! To, wanne za su kama? Ramammiya a ce yunwa, mai ƙiba a ce buhu.

Ƙwayar nan, irin su dexamethasone, ba ƙibar lafiya take sawa ba. Kumbura fuska take, ta hau da jini da sukari, ta cinye ƙashi.

Can Amurka tun 1969 aka kafa ƙungiyar kare mutuncin masu ƙiba. Fernando Botero na Kolombiya kuwa, wanda ya mutu a 2023, da zanen masu jiki duniya ta san shi. Mu ba sai an koya mana ba. Kakanninmu ba su ɗauki jiki abin gori ba.

Ina Hukumar Tace Fina-finai ta Kano? Ina NAFDAC, alhali ana sayar wa yarinya ƙwayar nan ba takardar likita?