Sharhi: Daji Na Ja Da Baya, Kasuwa Na Ji A Jikinta

Duk ɗan kasuwar da ke sayen kalwa, man kaɗe ko tsamiya a Jambutu ta Garwa, ko yake kai su Mubi da Jimeta, ya san cewa kayan nan sai ƙara nisa suke yi. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Masana sun tabbatar cewa shekaru kusan 7,000 da suka wuce, inda Sahara take a yau ciyawa ce da tafkuna, har da dorina da raƙumin dawa. Da ruwan sama ya ragu, itatuwa da dabbobi suka gangaro kudu sannu a hankali. Abin da ya ɗauki dubban shekaru a da, yanzu a cikin rayuwar mutum ɗaya ake ganinsa. Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a 1963, amma farin 1973 da na 1984 suka cinye mafi yawansa. Itatuwan da ke son danshi, irin su kaɗanya da ɗorawa, su ne suka fara shan wahala, yayin da aduwa da farar ƙaya ke jurewa.

Sai dai ba fari kaɗai ke da laifi ba. Madatsar Maga da aka gina a 1979 ta hana ambaliyar kogin Logon isa fadamun gandun dajin Waza. Ciyawa ta mutu, maraya ta ragu, kifi ya yi ƙaranci, giwaye kuma suka riƙa fita suna afka wa gonakin dawa a yankin Kaele. Da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994, wani sashe na fadamar ya farfaɗo. Wannan ya nuna ɓarnar tana gyaruwa idan an so.

Bindiga kuwa ta ƙarasa abin da fari ya fara. Karkandar yammacin Afirka, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe, an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, aka kuma bayyana ƙarewarta a 2011. A 2012 mafarauta suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida.

To, ina ruwan ɗan kasuwa? Buhun gawayi riba ce ta rana ɗaya, amma kaɗanyar da aka sare sai ta yi shekara 15 ko fiye kafin madadinta ya fara 'ya'ya. Dillalin da ke karɓar gawayin kaɗanya da ɗorawa, jarinsa na gobe yake ƙonawa. Ya kamata shugabannin kasuwanni da sarkin gawayi su haɗa baki su daina karɓar irin wannan kaya, hukuma kuma ta sauƙaƙa wa talaka samun gas na girki. Ruwan sama na Allah ne, amma gatari a hannunmu yake.