Maganin kitse ba ya tayar da zuciyar da ta gaji

Jiya a fada wani abokina malamin makaranta ya ce hankalinsa ya kwanta, tunda an sa wa tsohonsa maganin rage kitsen jini. Tsohon kuwa ƙafafu a kumbure, haki na hana shi barci. Na ce masa da sauran aiki.

A 2007, binciken CORONA ya gwada rosuvastatin kan tsofaffi fiye da 5000 masu raunin zuciya. Kitsen ya sauka sosai, amma mace-mace ba su ragu ba. A 2008 wani binciken a Italiya ya samu haka nan. Aikin maganin kare jijiyoyin jini daga toshewa ne, ba ƙara wa zuciya ƙarfin bugawa ba.

Mu nan, abin da ya fi gajiyar da zuciya tansiyo ne da aka bari ba magani, ga kuma ciwon zuciyar masu jego. Saboda haka in kuɗin ordinansi bai kai ba, a tambayi likita wane za a fara saye, a rage gishiri da kanwa. Wanda aka rubuta wa maganin kitsen don jijiyarsa ta taɓa toshewa kuma, kada ya ajiye shi da kansa.