Manya tara a bakin Gurara, ba mai kallon Auta

Na daɗe ina juya wannan labari a raina, in rubuta ko in bari, don ba abin alfahari ba ne a wurina. Amma hutu ya ƙarato, na kuma ga yadda hotunan bakin ruwa suke yawo a WhatsApp, kowa na tambayar "ina ne nan, mu ma mu kai yara?" Shi ya sa na ga gara in faɗa.

A hutun Disamban bara muka je Suleja wajen Yayata. Kwana uku da zuwanmu yara suka tayar mana da hankali sai an kai su Gurara. Muka haɗa mota uku, manya tara, yara goma sha ɗaya, da kula biyu ta dafa-duka, soyayyen kaza, zoɓo mai ƙanƙara da tabarmi. Daga Suleja aka ɗauki hanyar Minna, aka wuce Lambata, sannan aka ratse.

Gaskiya wurin ya isa a je a gani. Tun kafin ki hango ruwan za ki ji rugugin sa. Tsayin da yake faɗowa ya kai kimanin mita 30, faɗinsa kuma kusan mita 200. Da damina kogin kan cika ya rufe duwatsun, ruwan ya yi ja da laka, kallo kawai ake yi daga nesa. Idan rani ya shigo sai ya ja baya, ya rarrabu tsakanin duwatsu, ya bar gurabu a ƙasa inda mutane ke shiga wanka. Irin wannan muka tarar. Yaran da suka tashi a Kano ba su san wani ruwa da ya wuce na famfo da na 'yan garuwa ba, sai ga su sun yi cirko-cirko, baki buɗe. Ni kaina sai da na yi tasbihi.

Muka yi sallar Azahar, muka ci abinci. Yara na wasa a gefe inda ruwa bai wuce idon sawu ba. Sai ƙanwar maigidana ta ce a taru a yi hoto kafin rana ta juya. Aka shiga gyaran gyale, ana "matso nan", ana "Yaya, ke ce kika rufe ni". Ni a zatona Baban yara yana kallon Auta. Shi a zatonsa yaron yana wurina. Yayata ta ɗauka manyan yara suna riƙe da ƙanana.

Auta shekararsa huɗu. Silifas ɗinsa ne ruwa ya ja, ya bi shi. Taku uku ko huɗu dutsen da yake takawa ya ƙare, ƙasan ya zurma. 'Yar Yayata mai shekara goma sha biyu ce ta fara gani, ita ma da fari ta ɗauka wasa yake. Yana tsaye a cikin ruwa, kansa ya karkata baya, bakinsa na shiga yana fita, hannuwansa na danna ruwa. Ko uffan bai ce ba.

Wannan shirun ne ya fi tsaya mini a rai. Duk rayuwata na ɗauka mai nitsewa ihu yake yi yana ɗaga hannu, kamar yadda muke gani a fim. Ashe yaron da ruwa ya fi ƙarfinsa ba shi da numfashin da zai yi ihu da shi. Ɗan lokacin da bakinsa ya leƙo, iska yake ƙoƙarin ja kafin ya sake komawa. Abin kuma ba ya ɗaukar lokaci, ƙasa da minti ɗaya ya isa ƙaramin yaro ya ɓace. Ki haɗa wannan da ƙarar Gurara, inda wanda ke kusa da ke ma sai kin ɗaga murya yake ji.

Da yarinyar ta ƙwalla ƙara na kwasa a guje. Zani ya harɗe ni, na taka gansakuka, na zube a kan dutse. Wani saurayi daga cikin masu nuna wa baƙi hanya ne ya faɗa ruwan ya ɗauko shi. Allah Ya saka masa da alheri. Daga baya na yi tunani, ko da na isa, me zan yi? Ban iya iyo ba, ga hijabi har ƙasa da atamfa, waɗanda in sun jiƙe nauyinsu kaɗai ya isa ya riƙe mutum. Cikin mu mata shida da muke wurin, babu ɗaya da ta iya ruwa.

Auta ya fito yana tari yana kuka, kukan da ban taɓa jin daɗin irinsa ba. Nan take wasu suka ce a kifa shi a danna cikinsa ruwa ya fita. Likitan da ya duba shi da yamma ya ce mun yi daidai da muka ƙi, don danna ciki kan jawo amai ya koma huhu. Yaron da aka ciro ba ya numfashi, hura masa iska a baki da danna ƙirji yake bukata nan da nan. Wanda kuma ya farfaɗo amma tari ya ƙi tsayawa, ko numfashinsa na sauri, ko barci na ta fizgarsa, a kai shi asibiti a ranar, kada a ce sai gobe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nitsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da can in na ga irin waɗannan lambobi wucewa nake yi.

Ba cewa nake kada ku je ba. Gurara tana nan, ga Matsirga kusa da Kafanchan, ga Assop a hanyar Jos, ga ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Yaranmu sun cancanci su ga ƙasarsu. Abin da muka sauya a gidanmu shi ne, duk inda akwai ruwa, sai an ambaci sunan mai gadi da baki. Ta miƙa wayarta ga wata, ta tsaya inda hannunta zai kai ga ƙananan, ba hira, ba zuba abinci. Bayan minti goma sha biyar ta kira wata da suna, sai waccan ta amsa sannan ta bar wurin. Kuma ba ma ɗora wa 'yar shekara goma sha biyu wannan nauyi, ita ma yarinya ce, wasa ta zo yi.

Ko babba da ya iya iyo kada ya kusanci gindin inda ruwan ke faɗowa. Farin kumfar nan cike take da iska, ba ta ɗaukar jiki kamar ruwa na sosai, ruwan kuma juyawa yake yana mayar da mutum ƙasa. In kika ga ruwa ya fara sauya launi ko yana ɗauko ganye da karare, ku fita, alama ce an yi ruwan sama a can sama ko da ku rana kuke gani. Sannan in bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini, ki gaya wa likita ya shiga kogi, don tsargiya daga irin wannan ruwa ake ɗaukarta, kuma tana da magani.

Da muka koma Kano, Hajiyar maigidana ta ce ai mutanen ruwa ne suka so ɗaukarsa, aka yi sadaka, aka yi addu'a. Ban yi mata musu ba, na yi sadakar da zuciya ɗaya. Sai dai hoton nan yana cikin wayata. Mu tara mun jeru muna murmushi, a can gefen hagu kuma ga bayan Auta, ƙafarsa ɗaya babu takalmi, ya nufi ruwa. Sau biyu na yi niyyar goge shi na fasa.

Yanzu yayyensa maza biyu sun fara koyon iyo ranar Asabar. Matsalata ita ce 'yan matan da ni kaina. Duk wadda ta san inda mace ke koyar da mata iyo a Kano, a wuri mai sirri, don Allah ta rubuto mana a ƙasa.