Masuntan Gaya: Kuɗin fito ba zai maye gurbin kamun kifi ba

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta ƙasar Benin, masunta da dama a wannan yanki na jihar Dosso suka jingine koma da birgi, suka koma fiton mutane da kaya a kwalekwale. Ko da ƙungiyar ECOWAS ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, hukumomin Yamai sun bar nasu ɓangaren gadar a rufe bisa dalilan tsaro, lamarin da ya sa sana'ar fito ta ƙara bunƙasa.

Babu mai zargin magidancin da ya bi inda zai samu na cefane. Sai dai yadda Sarkawan da suka gaji su daga kakanni suka yi saurin barin sana'ar ya nuna irin halin da take ciki tun kafin rikicin siyasa.

Kifi ya ragu a Kogin Kwara. Yashi na cike gindin kogin, ciyawar ruwa ta mamaye wuraren da kifi ke hayayyafa, ga kuma taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Giwan ruwa da a da ke biya wa gida buƙatun mako guda, yanzu sai an dace.

Abin da aka kama ma ba ya zama kuɗi a hannun masunci. Yawancinsu dillalai ne ke ba su bashin taru ko na gyaran jirgi, da sharaɗin su za a sayar wa kifin a farashin da suka yanka. Babu ɗakin sanyi da zai ba masunci damar jiran kasuwa, don haka ko dai ya sayar nan take, ko matan gida su yi banda da itacen da ke ƙara tsada. Wanda ya kai tarwaɗa da karfasa kasuwar Kamba a jihar Kebbi kuwa, faɗuwar darajar naira a kan sefa tun 2023 ta cinye masa riba. Idan ruwa ya cika kamu ya yi wuya, bashin abinci ake ci, yara kuma su bar makaranta.

Wata rana za a buɗe gadar, kuɗin fito zai ƙafe, waɗannan magidanta za su koma kogin da ya riga ya gaza ciyar da su. Yanzu ne lokacin shiri.

Ya kamata gwamnati da hukumomin jihar Dosso su samar wa ƙungiyoyin masunta rance mai sauƙi da zai raba su da dillalai, da ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, da murhun banda mai cin itace kaɗan domin mata. Hana kamu lokacin hayayyafa ba zai yi tasiri ba idan a gaɓa ɗaya kawai ake bin doka, don haka wajibi ne Hukumar Raya Kogin Kwara da ke da mazauni a Yamai ta zaunar da Nijar da Benin da Najeriya a kan ƙa'ida guda. Kuma duk watan da aka hana masunci shiga ruwa, a tanadar masa abin da iyalinsa za su ci.