Tsakanin Tsuntsun Wardi da Addu'ar A'isha: Wace Ce Waƙarmu?

'Yan'uwa Hausawan Hartum da Omdurman, waɗanda ke gida da waɗanda yaƙi ya watsa.

A makon jiya samarinmu suka zo gaban dattijon unguwa da tsarin walimar da suke son shirya wa iyalan da suka fara komowa gidajensu. Mu ne ke riƙe da alƙalami a irin wannan zama, don haka muka rubuta abin da suka kawo: a buɗe da karatun Alƙur'ani, a yi wa mamata addu'a, a ci abinci, sannan a saki waƙa guda wadda za ta zama taken taron. Waƙar da suka zaɓa ita ce Aɗɗairul Muhajir ta Muhammad Wardi, wato tsuntsu mai ƙaura. Babbansu ya ce: "Baba, ai wannan kamar don mu aka yi ta. Mu jikokin matafiya ne, ga shi yanzu an sake tarwatsa mu." Dattijo ya yi shiru jim kaɗan, ya tambaye su ko sun san Yaju A'idin ta A'isha Falatiya. Wasu suka ce sun taɓa jin ta a bakin kakanninsu, wasu suka sunkuyar da kai. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Mun ga ya wajaba mu faɗi ra'ayinmu a fili, domin maganar ta wuce zaɓen abin da za a saka a lasifika. Mu dai A'isha muka zaɓa, kuma ga hujjarmu.

Za mu fara da ba Wardi haƙƙinsa, don kada a ce son kai ne ya rufe mana ido. An haife shi a 1932 a Sawarda, can arewa a ƙasar Nubawa, ya yi koyarwa a makaranta kafin ya shiga gidan rediyon Omdurman a 1957. Ya sha ɗauri a zamanin Numairi, ya bar ƙasa bayan juyin mulkin 1989, ya zauna a Alƙahira da Amurka, ya komo a 2002, ya rasu a Hartum a watan Fabrairun 2012. Wanda ya rubuta baitocin waƙar, Salah Ahmad Ibrahim, ɗan Omdurman ne, ɗan'uwan Fatima Ahmad Ibrahim wadda ta zama mace ta farko a majalisar dokokin Sudan a 1965. Shi ma ya ajiye muƙamin jakada, ya zauna a Faris har ya rasu a can a 1993. Mutum biyu ne da suka ɗanɗani zaman baƙunta da jikinsu, saboda haka babu ƙarya a cikin begensu. Mai magana a waƙar yana nesa da gida, ya hangi tsuntsu ya nufi ƙasarsa a lokacin damina, sai ya ɗora masa saƙo zuwa bakin Nilu, wurin masoyiyar da ke jiransa. Duk Bahaushen da ya ji ta zai tuna shamuwa, wadda 'yan'uwanmu Larabawan nan ke kira simbiriya, mai zuwa da albishir ɗin ruwa. Wajen tsarin kiɗa, da tsawon numfashi, da zurfin Larabci, ba mu musun cewa waƙar Wardi ta fi. In gasar gwaninta ake yi, mun miƙa mata tuta ba gardama.

Haka nan ba mu cikin masu cewa begen gida rauni ne ko ƙarancin tawakkali. Mun karanta a makarantar allo da zauren malamai cewa Sayyidina Bilal, da zazzaɓin Madina ya kama shi bayan hijira, baitocin kewar kwarurukan Makka ya dinga rerawa, ba a kuma hana shi ba. 'Ya'yanmu da ke Alƙahira da Jidda da Bur Sudan da sansanonin Cadi tun daga 15 ga Afrilun 2023, in sun saurari Wardi sun yi hawaye, hawayensu halal ne.

To amma akwai bege iri biyu. Akwai na Bilal, wanda ya bar gida yana hange daga nesa. Akwai kuma na Annabi Yakubu, alaihis salam, wanda yake zaune a gidansa yana jiran a komo masa da ɗa. Waƙar Wardi ta fari ce, waƙar A'isha ta biyu ce. Tambayar da ke gabanmu ita ce: a ranar da al'ummar Hausawa za ta tsaya a tsakiyar Omdurman ta ce ga takenmu, da wace murya ya kamata ta yi magana, muryar wanda ya tafi ko muryar mai gida?

Bari mu tuna wa samari ko wace ce A'isha Musa Ahmad. A Kasala aka haife ta, iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo su suka zauna. Mahaifiyarta Bahausa ce, mahaifinta Bafillace, malami mai halwa a Omdurman, kuma a gabansa ta yi karatun Alƙur'ani. Ta fara waƙa a gidajen biki ba da son mahaifinta ba, daga baya aka ɗauki muryarta a faifai a Alƙahira. Da aka kafa rediyon Omdurman a 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ba a jima ba ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata udu. Wasu mazan mawaƙa na lokacin suka ƙaurace wa gidan don ƙin haɗa kafaɗa da mace, ba ta janye ba, har suka gaji suka komo. Ta rasu a Omdurman a watan Fabrairun 1974. Duk wata 'yar Sudan da ta tsaya gaban makirufo bayanta, ta ƙofar da wannan 'yar malamin ta buɗe ta shiga.

Yaju A'idin kuwa, sunanta ma addu'a ne: Allah Ya sa su komo. Ta yi ta ne ga sojojin rundunar tsaron Sudan da aka kai fagen fama a gabashin Afirka da hamadar Libiya. A watan Yulin 1940 sojojin Italiya suka mamaye Kasala, garin haihuwarta, ba a fitar da su ba sai Janairun 1941, daga nan aka shiga gumurzun Karan a duwatsun Iritiriya. Waƙa ce gajera, mai sauƙin amshi, wadda mace za ta iya rerawa tana tuƙa asida ko tana gasa kisra. Ba ta aiki tsuntsu ko'ina ba. Tana tsaye a ƙofar gida, tana roƙon Ubangiji Ya maido da 'ya'yan gari garinsu. Ku duba wannan da kyau: a shekarun da uwayen Sudan kaf, Ja'aliyawa da Shaigiyawa da Nubawa da Bija, suke neman bakin da zai faɗi abin da ke zuciyarsu, bakin Bahausa suka ara. Wadda ake yi wa laƙabi da Falatiya don a tuna mata asalinta, ita ce ta tsaya a matsayin uwar gida, ƙasa duka tana yi mata amshi.

A nan ne muke jayayya da samarinmu. Kun ce tsuntsu mai ƙaura shi ne hotonmu. Shin ba wannan ba ce ainihin tuhumar da aka daɗe ana yi mana? Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, hantsi na yi ya ɗauke. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar da zaman kakanninsa a nan tun 31 ga Disamban 1897, alhali jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar a 1906. Da wannan ma'auni aka wahalar da iyayenmu a ofisoshin jinsiyya shekara da shekaru, duk da cewa wasu kakanninmu sun riga wannan ranar, har sun yi wa Mahadi mubaya'a, kuma duk da cewa da gumin Hausawa aka tsinci audugar Jazira tun buɗe aikin a 1925, aka yanki riɗin Gadarif. Ba mu manta da watan Yulin 2022 ba, lokacin da aka zubar da jinin 'yan'uwanmu a Damazin da Rusairis a kan maganar wa ke da ƙasa, har muka fito kan titunan Hartum da Kasala muna cewa mu 'yan gida ne. Bayan duk wannan, sai mu da bakinmu mu hau mumbari mu ce tsuntsaye ne mu masu wucewa? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Za ku ce ai gidan da tsuntsun Wardi ya nufa Nilu ne, don haka waƙar shaida ce ta zama ɗan Sudan. Gaskiya ne, a bakin Wardi haka take, domin babu wanda ya taɓa tambayar Banube takardar kakansa. A bakinmu kuwa kunnen mai ƙiyayya kalmar ƙaura kaɗai zai ɗauka. Mun ma ga wasu 'ya'yanmu suna ɗora wannan waƙa a kan hotunan ganuwar Kano da hubbaren Shehu, garuruwan da yawancinsu ba su taɓa takawa ba. Muna girmama Kano da Sakkwato, can tushenmu yake, harshenmu da ɗariƙarmu da tuwonmu duk daga can suka zo. Amma kaburburan iyayenmu suna maƙabartar Ahmad Sharfi da Hamad an-Nil, ba a Kano ba. Wanda ya juya akalar tsuntsun zuwa yamma ya sa hannu a takardar masu cewa mu koma inda muka fito.

Wasu kuma sun ce waƙar A'isha farfagandar Turawan mulkin mallaka ce, tunda yaƙin Ingila ne aka kai 'ya'yan mutane. Ba mu musun cewa don yaƙin aka kafa rediyon, kuma Ingilishi sun amfana da muryarta. Amma uwar da ke roƙon ɗanta ya komo da rai ba sarkin Ingila take yi wa addu'a ba. Turawan sun tafi a 1956, addu'ar ta zauna, aka ci gaba da rera ta ga duk wanda ya yi nisa ana jiran komowarsa. Akwai kuma masu cewa ta ambaci kayan yaƙi, mu kuwa mun ƙoshi da ƙarar bindiga. Wannan magana ce mai nauyi, mun kuma karɓe ta. Ba mu zaɓe ta don kirarin makami ba, ba kuma muna kiran a mayar da walimarmu dandalin wani ɓangare ba. Abin da muka riƙe shi ne jigonta, wato komowa, kuma shi ne abin da kowane gida a cikinmu yake kwana yana tashi da shi.

Saura magana guda, wadda ta fi ɗaci, kuma a kanmu take, mu manya. Dalilin da ya sa samari ba su san A'isha ba shi ne mun ɓoye ta. Wasunmu sun ji kunyar 'yar malami ta zama zabiya. Wasu sun ji kunyar laƙabin Falatiya, a zamanin da mutum kan hana 'ya'yansa Hausa a kasuwa don kada a gane su. Ita ta ɗauki laƙabin ta kai shi Alƙahira, ta sa aka buga shi a kan faifai, mu muka sunkuyar da kai. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa tun da daɗewa, kuma wanda ya bi ra'ayin hani a kan kowa, muna mutunta shi. Amma wanda zai saurari Wardi ya girgiza kai don daɗi, sannan ya ce A'isha abin kunya ce, ba fiƙihu ne ke damunsa ba, ƙyamar kansa ce.

Littafin da muke rubuta sunayen gidajen jama'armu yana nan a hannunmu. Gaban wasu sunaye mun rubuta Madani, wasu Kasala, wasu Masar, wasu mun rubuta "Allah Ya jiƙansa", wasu kuwa har yau gurbin a buɗe yake, babu labari. Tun da aka fara komowa bayan watan Maris na 2025, duk gidan da aka sake buɗe ƙofarsa mukan ja layi a ƙarƙashin sunan. Waɗanda za a yi wa walimar nan sun riga sun sauka, sun share ƙura, sun kafa rakuba, sun ɗora jabana a wuta. Ba su da sauran saƙon da za su ba tsuntsu. Abin da ya rage musu, da mu baki ɗaya, shi ne jiran waɗanda ba a ja wa layi ba tukuna.

Saboda haka shawararmu ga dattijo da kwamitin samari ita ce: a saki Wardi bayan an ci abinci, a saurare shi da ladabi, a aika da shi ga 'yan'uwa na nesa. Amma taken taron ya zama na A'isha, kuma kafin a sake ta, wata daga cikin iyayenmu mata ta miƙe ta faɗa wa yara da Hausa ko 'yar wace ce mai muryar, da inda aka haife ta, da inda ta yi karatu.

Allah Ya jiƙan A'isha da Wardi da Salah, Ya gafarta wa mamatanmu, Ya kashe wutar fitina a ƙasarmu Sudan, Ya komo mana da na nesa cikin aminci.