Waiwaye: Karen da Ke Ci Yana Ramewa

Lokacin da aka shiga yayin ajiye manyan karnukan Turawa don gadi, wani maƙwabcinmu ya sayo kwikwiyo irin na Jamus ɗin nan da mutane ke kira karen 'yan sanda. Ya tashi da kyau, gashi yana sheƙi, haushinsa kaɗai ya isa ya mayar da ɓarawo. Bai daɗe da cika shekara biyu ba sai ya fara zubewa. Abin mamaki kuma cinsa bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Zai share kwano, ya lashe shi tas, ya bi ƙasa yana tsintar duk abin da ya gani, har kashinsa yake komawa ya ci. Amma daga nesa kana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Maigadi ne ya fara shan wahalar abin. Maigida ya zarge shi da karkatar da kuɗin nama, bawan Allah ya yi ta rantsuwa ba a saurare shi ba. Alhali shi ne kaɗai ya lura da abin da ke da muhimmanci, tunda shi ke wanke wurin kullum safe. Ya ce kashin ya yi yawa fiye da ƙima, fari-fari, cakwal, da wani irin wari mai tayar da zuciya, kuma ko an kwara ruwa sai ya bar maiƙo a kan siminti. Gashin ƙarƙashin wutsiya ma kullum a danƙare yake da mai. Ba wanda ya ɗauki maganarsa da muhimmanci. Aka yi ta ɗirka wa kare maganin tsutsa. Daga baya wani ya ba da shawarar a yanke masa duk wani abu mai kitse, a bar shi da dusa da ƙanzo. Nan ne ya ƙarasa lalacewa.

Da aka kai shi wurin likitan dabbobi, maigadin likita ya fi yi wa tambayoyi. Ya duba kashin bai ga ƙwan tsutsa ba, sai ya ce, "Alhaji, abincin yana shiga, amma jiki ba ya samunsa. Kamar kana ɗura hatsi ne a buhu mai huji."

Ga yadda abin yake. A gefen tumbi, manne da farkon ƙaramin hanji, akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da sinadaran da ke narkar da kitse da furotin da sitaci. A karnukan Jamus da irin Koli masu dogon gashi, akwai ciwon da ke bin jini, wanda ke sa ɓangaren da ke ƙera waɗannan sinadarai ya shanye sannu a hankali, galibi tun kare yana da ƙuruciya. Alama ba ta fitowa sai kusan kashi 90 cikin 100 na aikin gaɓar ya tafi, shi ya sa mai kare ke ganin kamar rana ɗaya abin ya faɗo. Kitse ne ya fi shan kashi, domin narkewarsa ta fi dogara da wannan gaɓa, ga shi kuma ƙarfin da ke cikin giram ɗaya na kitse ya ninka na sitaci fiye da sau biyu. Da kitsen ya wuce, bitamin A da D da E da K su ma sun bi shi.

A farkon shekarun 1980 ne David Williams da Roger Batt, a Jami'ar Liverpool ta Ingila, suka fito da gwajin jinin da ake kira TLI, wanda har yau shi ne abin dogaro wajen tabbatar da ciwon. Shawarar likitoci kan abinci ma ta sauya. A da akan ce a rage kitse sosai. Yanzu an gane cewa idan ana ba kare sinadarin da ya rasa, tauye masa kitse na iya hana shi mayar da jiki. Abin da ake gudu shi ne abinci mai yawan dusa da ɓawo, saboda yana dakushe aikin maganin. Wato shawarar da aka ba maƙwabcinmu ta haɗa illa biyu a kwano ɗaya.

Maganin garin sinadari ne da ake cakuɗawa da kowane abinci, wajen cokalin shayi ɗaya ga kowane kilo 10 na nauyin kare, kuma har ƙarshen rayuwarsa. Da Alhaji ya ji cewa daga jikin alade ake haɗa garin, sai ya ce ba a gidansa ba. Likita bai yi musu da shi ba, ya nuna masa wata hanyar da masana suka amince da ita: ɗanyen fankiriyas na saniya. Giram 30 zuwa 90 yana tsayawa a madadin cokali ɗaya na garin. Maigadi ya riƙa sammako zuwa kwata, ya karɓo daga dabbar da aka duba lafiyarta, ya yayyanka ƙanana, ya ƙulla rabon kowane ci a leda, a jefa a firiza. Ba a dafawa, domin wuta na kashe sinadarin. Aka haɗa masa da allurar bitamin B12, wadda fiye da kashi 80 cikin 100 na masu wannan ciwo ke fama da ƙarancinta. Cikin 'yan makonni kashi ya ɗaure, maiƙon siminti ya ɓace, nama ya fara rufe haƙarƙari. Alhaji ya kira maigadi gaban mutane ya ba shi haƙuri, kuma ya kyauta da ya yi hakan.

Sai dai kada wani ya ɗauki wannan labari ya ce duk karen da ke kashin maiƙo a ƙara masa kitse. Akwai wani ciwon dabam, inda ƙananan jijiyoyin da ke ɗauke kitse daga hanji suke kumbura su riƙa yoyo, furotin na jini ya riƙa zubewa ta hanji, har ruwa ya taru a ciki. An fi ganinsa a ƙananan karnuka irin su Yorkshire da Maltis, amma Rotwaila ma na samu. A nan rage kitse ƙwarai shi ne ginshiƙin magani, kuma romo mai maiƙo na iya kwantar da kare. Ciwon hanta da toshewar hanyar madaciya su ma suna hana kitse narkewa. Alamun na kama da juna, abincin da ya dace kuwa ya sha bamban, kuma gwaji ne kaɗai ke rabewa.

Dabbar da ka ɗaure a gidanka tana gadinka amana ce, ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo. Idan karenka na ci yana ramewa, kuma an ba shi maganin tsutsa ba a ga canji ba, kada ka sauya masa abinci da ka. Ka tambayi mai wanke wurinsa abin da yake gani, ka ɗebi kashin a leda, ka kai shi wurin likitan dabbobi tun yana iya tsayawa da ƙafarsa.